Ƙyallaye Tara na Zahari

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Velika ta ce in daina yi wa ɗan rago surutu, maƙwabta za su ce mijinta ya taɓu. Ta miƙo min wannan littafi da biro, ta ce in zuba a nan. To ga ni. Ni Stamen, tsohon direban bas, wanda ya bar makaranta a aji shida, ranar da malamai suka yi ta taya juna murna. Rubutuna sai ni, ni ma wani lokacin canke nake yi.

Zahari yana ɗakinsa. Tun da motar bariki ta sauke shi a ƙarshen sanyi yake ɗakinsa. Ƙafar da ya ji rauni ta warke, na ga hoton ƙashin da idona, ya ma fi nawa kyau. Ba ya fitowa sai ya ji gidan ya yi tsit. Abinci a bakin ƙofa muke ajiye masa, kamar ɗan hayar da ya yi fushi da masu gida. Ɗana ne, saje ne a soja, shekararsa talatin da ɗaya.

Faranti ya dawo da rabi.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Donka ta zo, uwar Iliyan. Iliyan da Zahari benci ɗaya suka zauna a makaranta, rana ɗaya suka shiga soja, jirgi ɗaya ya kai su aiki can ƙasar waje. Jirgi ɗaya ya dawo da su kuma, sai dai ba wuri ɗaya aka sa su ba. Iliyan a cikin akwati ya dawo.

Ba ta taɓa kofin da aka zuba mata ba. Ta ce ranar shida ga Mayu, ranar Waliyyi Georgi, ranar sojoji, za a buɗe sunan Iliyan a jikin dutsen tunawa da sojoji da ke dandali, ƙasa da sunayen kakanni. Tana so Zahari ya tsaya kusa da ita cikin kayan fareti.

“Ba ni da namijin da zai tsaya kusa da ni,” in ji ta. Da mu take magana, amma ƙofar ɗakinsa take kallo, ta kuma ɗaga murya.

Na ce ai ga ni, har yanzu ina da hular direbobi. Ba wanda ya yi dariya. Velika ta taka min ƙafa.

Donka ba ta taɓa tambayarmu komai ba. Da ta tambaya da ya fi sauƙi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da tsakar rana

Na ciro kwat ɗinsa na fareti daga ƙasan kabad. Ƙirjin hagu fayau, sai ramukan fil. Ƙananan ƙyallayen nan masu launi da ake jera wa soja a ƙirji, kowanne madadin lambar yabo guda, duk an fizge su.

Velika ta ɗauko gwangwanin maɓallai. Suna ciki, guda takwas. A kwandon shara ta tsince su tun watan jiya, ta ɓoye min.

Ƙyalle na tara yana kan firji, cikin shuɗin akwatin da wani kyaftin ya kawo a watan Maris. Kyaftin ɗin ya tsaya a bakin ƙofar Zahari ya karanta takarda, ƙofa ta saurare shi da ladabi.

Na ce zan shirya kwat ɗin. Velika ta ce wa zai sa? Na ce idan ta kama, Janar. Janar shi ne ɗan ragon da muke kiwo don ranar shida ga wata. Ni na ba shi muƙamin, saboda ci yake yi wasu na wahala.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan cin abincin rana

Na jera su. Kore da kore, shuɗi da shuɗi, masu ja a sama don su fi ɗaukar ido, kamar yadda Velika ke jera barkono a kasuwa. Ni dai ya yi min kyau. Na soke babban yatsa sau ba adadi.

Faranti ya dawo da rabi.

Lahadi, 20 ga Afrilu, Ista

Mun rina ƙwai. Da muka gwabza su bisa al'ada, nawa ya fasa na Velika, na zama zakaran gidan mutum biyu. Na ajiye masa ja guda ɗaya a bakin ƙofa.

Yana nan.

Litinin, 21 ga Afrilu, da yamma

Na kira maƙwabcinmu Bai Mincho ya ga aikina. A wajenmu “Bai” ake ce wa dattijo don girmamawa. Tsohon samanja ne, ya yi ritaya tun gwamnatin da, kunnensa ɗaya ya riga shi ritaya. Ya sa tabarau, ya duba, ya cire, ya zauna.

“Stamen, wannan ƙirjin soja ne ko shagon mai sayar da zare?”

“Bai yi kyau ba?”

“Kyau! Ana maganar girma kana maganar kyau! Da a zamanina ne sai ka share bariki da buroshin haƙori.”

“A zamaninka akwai buroshi, Bai Mincho?”

Ya yi kamar da mataccen kunnen na faɗa. Ya ce kowane ƙyalle da matsayinsa. Mafi girma a layin sama, kusa da tsakiyar ƙirji. Daga nan a yi ta gangarowa, mafi ƙanƙanta ya ƙare a ƙasa ta wajen hammata. Uku uku a layi, ba rata, ba karkata, daidai saman aljihu.

Na ce to jera. Nan fa ya fara tari. Ashe waɗannan na zamani ne, bai san ko ɗaya ba. Ya ce mai ratsin rawaya ya yi kama da babba. Na ce ai kai ma launin kake bi. Muka sha giyar inabinsa kofi ɗaya ɗaya, muka jera da canke, amma cikin tsananin ladabi.

Velika ta ce ba ta son kwat ɗin a ɗakinmu, yana kallonta. Na rataye shi a ƙusar lungu, tsakanin ɗakin Zahari da banɗaki.

Talata, 22 ga Afrilu, da sassafe

An taɓa kwat ɗin.

Mai ratsin rawaya ya sauka can ƙasa wajen hammata. Shuɗin ya hau sama. Layukan sun miƙe sumul kamar da rula aka ja su. Ni a rayuwata ban taɓa miƙar da komai haka ba, har bas.

Na tambayi Velika. Ta ce ita ta taɓa abin nan? Na leƙa ta katanga na tambayi Bai Mincho, ya ce wa ya mutu? Na dawo na tsaya a lungu ina kallon kwat, ina kallon ƙofa. Velika ta zo ta tsaya a bayana. Ta toshe baki da gefen ɗankwali ta koma kicin, ta kunna famfo ta bar shi yana zuba.

Ƙwan nan ma babu shi.

Laraba, 23 ga Afrilu, da yamma

Na juya koren, kansa ya koma ƙasa. Da gangan. Allah ya gani.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da safe

An gyara.

Na shiga garke na ba Janar labari. Ya ci gefen wandona.

Yau na musanya biyu na tsakiya, na kuma ɗan karkatar da layin ƙasa, ɗan kaɗan, kaurin farce. In ga ko idon yana nan.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da safe

Idon yana nan.

Wata biyu likitoci biyu da limamin coci da uwarsa suna magana da ƙofa. Ashe abin da yaron ba zai iya jurewa ba shi ne ya wuce ya ga ƙyalle a inda ba wurinsa ba. Sojoji sun yi aiki a kansa. Ni ko takalmi ban iya sa shi ya jera ba.

Yanzu aikina ke nan, ɓata abu. A ƙarshe dai an samu sana'ar da na gada.

Faranti ya dawo babu komai sai ƙashi.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Jiya na ɗauko bajon da kamfanin bas ya ba ni ranar sallama, mai hoton sitiyari, na maƙala shi a saman su duka, wurin mafi girma. Yau da safe na zura ƙafa a takalmi na yi ihun da shamuwar kan turken lantarki ta tashi. Yana ciki. Fil ɗin a rufe yake, ya tausaya min.

Velika ta rantse ta ji wani abu daga ɗakin lokacin da na yi ihun. Ta ce ko tari ne ko dariya. Na ce ko atishawa ce na karɓa.

Rabon da in yi barcin rana irin na yau na manta.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da yamma

Saura kwana kaɗan. Kwat ba ya cika da takwas alhali an ba shi tara. Na sauko da shuɗin akwati daga kan firji. Ƙyallen ja ne mai duhu, da siririn fari a gefe ɗaya. Na maƙala shi a ƙasa, a ƙarshen layi, don ya samu abin gyara.

Velika ta ce, “Stamen, kar ka.”

Na ce ni na san ɗana.

Litinin, 28 ga Afrilu, da safe

Kwat a ƙasa. Ƙyallaye a warwatse har ƙarƙashin kabad. An yage bakin aljihu.

Faranti bai motsa ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Bai motsa ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, da tsakar rana

Velika ta ɗinke aljihun. Tana ɗinki tana magana da allura, ba da ni ba.

“Komai wasa ne a wurinsa. Ranar aurenmu wasa. Ranar da aka kira mu a waya aka ce yaron ya ji rauni, ya ce wa mutumin ko ya yi kuskuren lamba. Wasa.”

Wannan na wayar ba wasa nake yi ba, amma ina zan fara.

Na haɗu da Donka a shagon burodi. Ta ce ta goge baƙar rigarta. Shi ke nan abin da ta ce. Na ce burodin yau ya ƙone, alhali bai ƙone ba.

Na gaji. Ba irin gajiyar tuƙi ba, wadda mutum zai kwanta ta sauka.

Alhamis, 1 ga Mayu

An sha ruwa. Burodin bai taɓu ba. Ko Janar ban yi wa magana ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da yamma

Zan rubuta wannan a hankali.

Bayan azahar Velika ta tafi coci. Na ɗauki kwat da gwangwani na zauna a ƙasa a lungu, na jingina da bangon ɗakinsa. Ba dabara a raina, dabara ta ƙare. Na dai ce ko ba mai sawa, ba zan mayar da shi kabad tsirara ba. Ƙyalle na tara kuwa na mayar da shi akwatinsa. Na shimfiɗa kwat a cinya ina ƙoƙarin tuno yadda ya jera takwas ɗin. Kaina fanko.

Na soke yatsa, na zagi fil ɗin da uwarsa da kamfanin da ya ƙera shi. Sannan na ce, da ƙarfi, don na saba magana da abin da ba ya amsawa:

“Shuɗin nan mai fari a tsakiya, kafin kore yake ko bayansa?”

Na ci gaba da fama.

“Kafin.”

Muryar ta dushe kamar ƙofar garke. Ban ɗaga kai ba, tsoro nake kar in kore ta.

“Mai rawayan fa?”

“Ƙarshe.”

Na jera, na jera. Sai na ji makulli. Ƙafafu biyu ba takalmi suka tsaya a gabana. Gemu har wuya. Ya rame, Allah, ya rame.

Ya daɗe yana kallon cinyata.

“Tate, ka juya su gaba ɗaya.”

Tate. Rabon da in ji ya kira ni baba da wannan sunan tun a filin jirgi, ranar tafiya.

“Yadda ka faɗa na bi.”

“Ka fara daga hammata. Kana kallon kwat ɗin ne daga waje. Sa kanka a ciki. Ina zuciyarka take? Daga nan ake farawa.”

“Ni zuciyata tana ciki, kusa da banitsar uwarka, wainar cukun nan.”

Bai yi dariya ba, amma ya zauna. A ƙasa, kusa da ni, ƙafar nan a miƙe. Ya karɓi kwat. Ya ɗauki fil. Yana sawa yana faɗa, kamar mai karanta wa yaro. Wannan na shekarun aiki ne. Wannan na ambaliya, lokacin da suka kwashe tsofaffi a kwalekwale, wata tsohuwa ta ƙi shiga sai da akuyarta. Wannan na tafiyar farko. Mai rawayan da Bai Mincho ya ɗauka babba, kowa ake ba, har mai dafa abinci.

“Iliyan ma yana da waɗannan duka,” in ji shi. “Ban da na harbi. Bai iya harbi ba.”

Na ce na taran ma kuskure na yi, na sa shi a ƙarshe.

“Ba a ƙarshe yake ba. Shi ne na farko. Idan aka sa shi, duk sauran sai su matsa masa.”

Ya shafa layin da babban yatsa.

“Ni ke tuƙi ranar da muka rasa Iliyan, Tate.”

“Na sani,” na ce. “Ni na koya maka.”

Muna nan zaune har Velika ta dawo. Ta gan mu, ta ajiye jaka, ta ce wa zai ci miyar wake, kamar kullum a lungu take samunmu.

Ya ci a tsaye, a kicin. Bai ce zai je ba. Ban tambaya ba. Na koyi wani abu a makon nan, duk da aji shida.

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Ya fito sau biyu. Ya tsaya a bakin garke yana kallon Janar.

Na duba kwat. Takwas ne, amma ya sake jeri. Layin ƙasa uku, na tsakiya uku, na sama biyu, ya bar gurbi a wurin farko, kusa da tsakiyar ƙirji. Kamar haƙorin gaba da ya fita.

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Ya nemi reza.

Da tsakar rana

Kwat ya yi masa yawa, mutum biyu za su shiga. Velika ta tsayar da shi a tsakar ɗaki, fil a bakinta, tana matsar da maɓallai tana faɗa. “Tsaya sosai. Ka ɗaga hannu. Ubanka ya cinye naka ya ƙara a nasa.” Na ce ajiya na yi masa.

Bai Mincho ya shigo da wuƙarsa don yanka Janar gobe. Ya ga Zahari, ya ƙame, sai ya kama gurbin.

“Saje, wannan ramin fa? Ba ya cikin doka.”

“Na sani, Bai Mincho.”

“Za a yi manyan hafsoshi a wurin.”

“Na sani.”

Tsohon ya buɗe baki, na ce ya zo ya duba min katanga. A waje na ce masa yau kunnuwan biyu su yi ritaya.

Da Zahari ya ga wuƙar a kan tebur sai ya juya fuska. Ya ce, “Tate, bana a bar shi.” Ranar Waliyyi Georgi ba rago, ubana zai tashi daga kabari ya mare ni. Na ce an bar shi. Janar ya tsira da fansho.

Har yanzu bai ce zai je ba.

Talata, 6 ga Mayu, da sassafe

Yana goge takalmi.

Da yamma

Mun tafi a ƙafa. Yana ɗan ɗingishi, ni kuma na yi ta tsayawa ɗaure igiyar takalmi don kar ya ga muna jiransa. Takalmina ba shi da igiya.

Dandali ya cika. Masu busa, limamin coci, hafsoshi daga bariki, yara da furanni. Mutane suka dare mana hanya. A kusurwar kantin magani ya tsaya cak. Na ce shi ke nan, za mu koma. Na ce masa a kunne hular direbobi tana aljihuna, in ya gaji in karɓe shi. Ya ce, “Allah ya kiyaye,” ya ci gaba.

Donka tana gaban dutse ita kaɗai. Ya je ya tsaya a damanta. Ba ta juyo ba, ta dai kama hannun rigarsa.

Aka yi jawabi, ban ji ko kalma ba. Aka janye zanen da ya rufe dutsen. Aka kira sunan. Zahari ya sara. Na ga wani kanar yana kallon gurbin nan, ya kalli fuskar yaron, ya mayar da idonsa kan dutse.

Da aka fara watsewa sai Zahari ya sa hannu a aljihu ya ciro jan ƙyallen. Ashe ya ɗauko. Ya miƙa mata a tafin hannu.

“Lelya Donka, wannan na Iliyan ne. Ba nawa ba ne.”

Tun yana yaro haka yake kiranta, kamar ƙanwar uwarsa. Ta karɓa ta juya shi.

“Iliyan yana da nasa. Suna akwati, ba mai ganinsu.” Ta kama ƙirjin kwat ɗin ta jawo shi ƙasa, don ya fi ta tsawo nesa. “Sunkuyo, kai. Tun kana cin tuffana ba izini ba ka jin magana.”

Ya sunkuya. Ba ta da tabarau, yatsunta sun kumbura. Ta soka shi a gurbin, a karkace, farin ratsin a gefen da ba nasa ba, kusurwa ɗaya ta hau kan maƙwabcinsa. Ko ni ban taɓa yin ɓarna irin wannan ba.

“Riƙe min shi a nan, inda zan riƙa gani,” in ji ta. Ta bubbuga wurin sau biyu.

Na ji Bai Mincho ya ja numfashi a bayana. Na taka masa ƙafa. A wurin Velika na koya.

Na zuba wa hannun Zahari ido. Ya taso, ya kai kusa da ƙirji, ya tsaya. Sannan ya sauka ya riƙe gwiwar hannunta, ya raka ta gida.

Mun ci wake da banitsa, mu biyar, har da Donka da Bai Mincho. Duk ƙauyen na ƙamshin gasasshen rago, namu yana garke yana kuka a ƙara masa ciyawa.

Laraba, 7 ga Mayu, da safe

Ban ce ya warke ba. Na ji shi yana zagaye ɗaki kafin gari ya waye, yau ma bai yi magana da yawa ba. Amma ƙofar a buɗe take, kuma a tebur ya sha kofi. Ya ce kofina kamar ruwan wankin bas.

Kwat yana rataye a lungu. Ya wuce shi sau uku, ina kallo ta kicin.

Jan ƙyallen yana nan a karkace.